Dish na ɗaukewa tun ruwa bai sauka ba: in sauya babba ne, ko Starlink ce mafita?

Ɗan Rano ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya biyu gare ni ga masana harkar tauraron ɗan Adam.

Ta farko, dish ɗinmu na gida mai faɗin santimita 60 ne, yana kallon tauraron da ke digiri 36 gabas. Da rani lafiya ƙalau. Amma da damina ta kankama, hadari na haɗowa daga gabas sai hoto ya fara kakkaryewa, can ya ɗauke gaba ɗaya, alhali ko ɗigo bai sauka a gidan ba. Ranar da sama take garau dikoda na nuna ƙarfin sigina 85, kwaliti kuma 52. Wayar da ke tsakanin dish da dikoda ta kai mita 35, an haɗa ta wuri biyu da selotef. Laifin dish ne, ko na LNB (na'urar da ke kan hannun dish mai karɓar sigina), ko na waya?

Ta biyu, muna shirin sa intanet a shagon kwamfuta a ƙauyen da sabis ɗin waya ba ya kama kirki. An ce mana Starlink, intanet ta tauraron ɗan Adam, ba ruwanta da hadari tunda taurarinta na kusa da ƙasa. Gaskiya ne? Allah Ya saka da alheri.

Mai Sifana ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Kwaliti 52 a rana garau na nufin dish ɗin tun asali a bakin gaɓa yake, ɗan rauni kaɗan ya isa ya kayar da shi. Ka manta da 85 ɗin nan. Lambar ƙarfi tana nuna LNB na da wuta kuma yana turo wani abu ne kawai. Ko bango ka juya wa dish za ta iya nuna 60 ko 70. Kwaliti ita ce magana.

Fara da sandar da dish ke kai. Ɗora mata ma'aunin magina mai ruwa ta fuska biyu, gaba da gefe. In ta karkata, duk lambar da ke rubuce a bayan dish ta zama ƙarya, kuma kana juya shi hagu da dama tsayinsa na canzawa. Wanda aka kafa a jikin katakon rufi ko bulo mara ƙwari yakan sunkuya a hankali, iskar farkon damina ta ƙarasa shi.

Sai saiti. Daga yankin Kano, tauraron digiri 36 gabas yana wajen digiri 112 a kamfas, wato gabas maso kudu kaɗan, tsayinsa daga doron ƙasa kuma kusan digiri 55. Yawancin ƙananan dish irin masu hannu a ƙasa ne, fuskarsu na kallon ƙasa da inda suke ɗauka da digiri 22 zuwa 26, don haka kada ka yi awo da ido, bi ma'aunin da ke jikin ƙarfen baya. Sassauta notuna kaɗan, ba duka ba. Motsa dish kamar kaurin yatsa, tsaya daƙiƙa uku ko huɗu dikoda ta karanta, sannan ka ƙara. Masu gaggawa suna wuce tauraron ba su sani ba. In kwaliti ta kai ƙololuwa a hagu da dama, koma sama da ƙasa, sannan ka sake dawowa hagu da dama. Wajen ɗaurewa ka riƙa zagayawa, kowane noti rabin juyi, idonka na kan allo, domin ɗaure ɓangare ɗaya tamau na janye dish ya cinye maka maki biyar ko goma.

Inda aka fi yin sakaci shi ne murɗin LNB. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya murɗinmu babba ne: a wannan tauraron ya kai kusan digiri 65. In ka tsaya gaban dish kana fuskantarsa, a yawancin LNB wayar za ta nuna wajen ƙarfe takwas na agogo, ba ƙarfe shida ba. Fara daga nan, ka murɗa kaɗan kaɗan. Bayan haka tura shi ciki ko ka jawo shi waje a cikin zobensa, santimita ɗaya kan kawo bambanci.

Wayar nan kuwa a cire ta. Haɗin selotef na shan ruwa, ragar ciki ta yi tsatsa ta koma baƙa ko kore. Sa wayar dish irin RG6 guda ɗaya ba yanki, mai jan ƙarfe zalla a tsakiya in an samu. Mai araha ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe, maganaɗisu na kama shi, haka ake gane shi a kasuwa. Dikoda na tura wa LNB bolt 13 don tashoshin V (masu sigina a tsaye), bolt 18 don na H (masu sigina a kwance). In waya ta yi tsawo kuma ta ruɓe, 18 ɗin kan faɗi kafin ya isa, sai ka ga tashoshin H sun ɓace na V na nan. A kan F na waje, wato mahaɗin da ake murɗa waya da shi a jikin LNB, kada ko gashi ɗaya na raga ya taɓa wayar tsakiya, a naɗe shi da tef ɗin roba mai manne kansa, a kuma bar wa waya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje. Cire dikoda daga wuta kafin ka taɓa waya.

In an yi duk wannan kwaliti ba ta haura 70 ba, to a kawo dish mai santimita 90.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Abin da Mai Sifana ya faɗa daidai ne. Bari in ƙara dalilin da ya sa hoto ke tafiya tun ruwa bai iso ba, domin shi ne zai amsa tambaya ta biyu ma.

Tauraron da ake kallon talabijin da shi yana kilomita 35,786 sama da layin Ikwaita. A wannan nisan yana zagaya duniya cikin awa 23 da minti 56, daidai da juyin duniyar kanta, shi ya sa muke ganinsa a tsaye wuri ɗaya har a ɗaure dish da noti a tafi. Siginar da ke fitowa daga can tana isowa a raunane ƙwarai. Aikin farantin shi ne tattara ta ya zuba wa LNB. Ƙananan dish na aiki ne da zangon Ku, wato rukunin igiyoyin rediyo daga gigahaz 10.7 zuwa 12.75. LNB ke ƙara mata ƙarfi ya sauke ta zuwa megahaz 950 zuwa 2150 don waya ta iya ɗauka. Lambobin 9750 da 10600 da kuke gani a saitin dikoda na wannan lissafin ne: tasha mai 12245 a cire 10600, saura 1645, ita ke bin waya. In aka sa lambar da ba ita ba, dish na kan tauraro daidai amma ba za a ga komai ba.

Tsawon igiyar Ku kusan santimita biyu da rabi ne, manyan ɗigon ruwa kuwa sun kai milimita huɗu ko biyar. Sun isa su shanye wani ɓangare na siginar su watsar da wani. Ruwa mai ƙarfin milimita 50 a awa na cin fiye da dB 2 (dB ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina ne) a kowace kilomita da siginar ta ratsa. A ƙasashe masu zafi ruwan na farawa ne daga kusan kilomita 5 a sama. Dish mai kallon digiri 55 na ratsa kusan kilomita 6 na wannan sararin a karkace, kuma ƙarshen layin yana kilomita uku da wani abu gabas da gidanka. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, dish ɗinka kuma gabas yake kallo. Ruwan da ke zuba a ƙauyen gaba ya riga ya shiga tsakaninka da tauraron. Wanda ke kallon tauraron Nilesat a digiri 7 yamma, dish ɗinsa na fuskantar kudu maso yamma, wajen digiri 233, shi kuma sau da yawa nasa kan jima bai dawo ba bayan ruwa ya wuce ta kansa.

Wani lokacin ma ba hadari ko kaɗan a garinku hoto ya tafi. Ruwa ne ake yi a inda tashar da ke harba shirin sama take.

Girman faranti kuwa lissafinsa a fili yake. Daga santimita 60 zuwa 90 ana samun ƙarin dB 3.5, wato fiye da ninki biyu. Daga 60 zuwa 120, dB 6, ninki huɗu. Wannan rarar ita ce ruwa ke ci kafin hoto ya faɗi. Siginar dijital ba ta dusashewa a hankali irin ta da. Tana nan garau har ta kai iyaka, sai ta yanke. Iyakar ta bambanta: tsarin shirya sigina da ake kira QPSK 3/4 na buƙatar kusan dB 4 sama da hayaniya, 8PSK 3/4 kuwa kusan dB 8. Shi ya sa tashoshin HD kan riga sauran tafiya. Amma a sani, babban dish ya fi wuyar saiti. Na santimita 60 na ganin faɗin kusan digiri 3, na 90 kusan digiri 2, na mita 1.8 kuwa digiri ɗaya tak. Kuskuren rabin digiri a babban dish na iya cinye wani ɓangare na ribar girman, kuma iska ta fi kama shi. Babban da aka kafa a kan sanda mai rawa bai kai ƙaramin da aka ɗaure da kyau ba.

Kuma ko na mita 1.2 ne, guguwar Agusta in ta zo da ƙarfinta za ta ɗauke shi na wasu mintoci. Abin da ake saya shi ne rage tsawon yankewar.

Baban Bauchi ya amsa:

Ni dai a ganina, mai son kallo ba yankewa ya koma zangon C. Yana aiki tsakanin gigahaz 3.7 da 4.2, igiyarsa ta kai santimita bakwai da rabi, ruwa kusan ba ya taɓa ta. Shi ya sa gidajen talabijin da na rediyo ke dogaro da shi wajen rarraba shirye-shirye. Sharaɗinsa faranti mai mita 1.8 zuwa 2.4, a zuba masa siminti a ƙasa, LNB nasa daban, lambar saitinsa 5150.

Mai Sifana ya amsa:

Baba, da girmamawa, shawarar nan ba za ta yi wa Malam aiki ba. Tashoshin da yake biya wa kuɗi a digiri 36 a zangon Ku suke, ba ya samunsu a C komai girman farantinsa. Sannan C ya samu sabon ciwo. Bayan gwanjon zangon gigahaz 3.5 don 5G da aka yi a Najeriya a Disambar 2021, turakun waya suka fara watsawa dab da shi. Siginar turke ta fi ta tauraro ƙarfi nesa ba kusa ba, tana toshe LNB mai buɗaɗɗen baki, wanda ke karɓa tun daga 3.4. Alamarsa hoto na daskarewa lokaci lokaci a rana garau, kwaliti na tsalle daga 70 zuwa sifili ta dawo. Maganinsa LNB mai matata, wanda ke farawa daga 3.7 ko 3.8, da kafa farantin inda gini ya kare shi daga turken. A ƙauye mai nisa da 5G kam maganarka tana nan daram.

Hajiya Injiniya ta amsa:

Kan tambaya ta biyu. Wanda ya ce Starlink ba ruwanta da hadari ya haɗa abu biyu ne da ba su da alaƙa. Ruwa na cikin kilomita biyar na ƙasa ne. Tauraro na kilomita 550 ko na 35,786, duk sai siginarsa ta ratsa wannan biyar ɗin. Kuma farantin Starlink da zangon Ku yake magana da tauraro, wanda Malamin Kimiyya ya gama bayani. In ruwa ya tsananta gudu na raguwa, wani lokaci ya yanke na daƙiƙoƙi ko mintoci. Abin da ke taimakonta shi ne tana sauka zuwa tsari mai jinkiri amma mai juriya maimakon ta yanke nan take, kuma tana sauya tauraro a kai a kai, don haka hanyar ba ɗaya ba ce kullum.

Kusancin jinkiri yake magancewa. A intanet ta tauraro mai tsayuwa, wadda ake kira VSAT, saƙonka zai hau sama, ya sauko tashar ƙasa, amsa ta hau, ta sauko maka. Tafiya huɗu kenan, fiye da kilomita 143,000. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kusan rabin daƙiƙa ya tafi tun ba a taɓa komai ba. A aikace milisakan 600 ko fiye. Babu kuɗin da ke rage wannan. Ga sauke fayil ko aika bayanan banki ba damuwa. Ga kiran bidiyo, ko shafin rajista mai tambaya da amsa sau da yawa kafin ya buɗe, za ka ji shi a jikinka. Taurarin ƙasa ƙasa kan ba da milisakan gomomi ne kawai in tashar ƙasa na kusa.

Farashin kusancin shi ne ba sa tsayawa. A kilomita 550 tauraro na gudun kusan kilomita 27,000 a awa, yana zagaye duniya cikin minti 95, ya ratsa samanka cikin 'yan mintoci. Shi ya sa ake buƙatar dubbai, kuma farantin ba kwano ba ne: ɗaruruwan ƙananan eriya ne a shimfiɗe, suna karkata siginar ta hanyar lantarki. Wannan ya sauya yadda ake kafawa. Dish na gida rami ɗaya yake so a sama, ko tsakanin bishiya biyu ne. Wannan kuwa yana son fili mai faɗin digiri 100 ko fiye. Reshen darbejiya ɗaya ko tankin ruwa ya isa ya riƙa yanke ku duk bayan 'yan mintoci, duk lokacin da tauraro ya bi ta bayansa. Kafin a huda bango, a ɗauki waya a hau inda za a kafa, manhajar kamfanin na da wurin duba abin da ya tare sama. A duba da damina in zai yiwu, lokacin da ganye ya cika.

Wuta ita ce abin da masu shago kan manta. Babban farantin Starlink na cin wat 75 zuwa 100, ƙaramin Mini kuwa 25 zuwa 40. Awa goma a wat 100 kilowat-awa ɗaya ne. Batir mai bolt 12 da am 200 na ɗauke da kilowat-awa 2.4, amma in na ruwa ne rabi kawai ake ci in ana son ya daɗe, saura 1.2. Kusan batir guda kenan na intanet kaɗai, ban da kwamfutoci da firinta. A sa shi a bayan inbata ko UPS, domin duk ɗaukewar wuta sai ya ɗauki mintoci yana sake neman taurari, mai cike fom kuma ya koma farko. Wayarsa kada a yanka ta, kada a lanƙwasa ta sosai, a bi da ita cikin bututu saboda ɓera da rana.

Abu na ƙarshe, gudu rabo ne. Kowane yanki na da iyakar abin da taurari za su ba shi. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da sabis ɗin ya fara aiki, a Janairun 2023, kuma zuwa ƙarshen 2024 sai da aka dakatar da karɓar sabbin masu rajista a birane irin Legas da Abuja saboda cunkoso. A ƙauye wannan bai cika damu ba. Ga shagon kwamfuta ni Starlink zan zaɓa a kan VSAT, amma a ajiye layin waya ko mai rauni ne, da eriya a kan doguwar sanda, don ranar rufe rajista da hadari ya haɗo.

Ɗan Rano ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Ƙarin tambaya: tauraronmu na Najeriya fa, ba ya ba da intanet ne? Sannan wajen ƙarshen Satumba hoto kan ɗauke da hantsi na 'yan mintoci, kwana da kwanaki a jere, ba hadari ba komai. Shi ma waya ce?

Malamin Kimiyya ya amsa:

Wannan ba waya ba ce, rana ce, kuma kada a taɓa dish. Sau biyu a shekara hanyar rana a sama na bi ta bayan layin da taurari masu tsayuwa ke jere. In ta zo daidai bayan naka, hayaniyar da take fitarwa na danne siginar. A arewacin Najeriya yakan faɗo wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, kimanin kwana biyar kafin daidaituwar dare da rana ta Maris, da kwana biyar bayan ta Satumba. Mai kallon gabas da hantsi yake samunsa, mai kallon yamma bayan azahar. Yana ɗaukar mintoci kaɗan a rana, na wasu kwanaki, ya wuce da kansa. Lokacin ma yana da amfani ga mai kafawa: duk inda inuwa ta faɗo kan faranti a wannan mintin, to wannan abin na tare tauraron.

Namu kuwa yana bayarwa. NigComSat-1R yana digiri 42.5 gabas, an harba shi daga Xichang a ƙasar Sin ranar 19 ga Disambar 2011. Ya maye gurbin NigComSat-1 da aka harba a Mayun 2007 ya daina aiki a Nuwambar 2008 saboda matsalar fikafikansa na sola. Yana ɗauke da zangon C, Ku, Ka da L. Daga Kano yana wajen digiri 107 a kamfas, tsayi kusan 48. Tunda mai tsayuwa ne, lissafin rabin daƙiƙa da Hajiya ta yi ya hau kansa. In za a ɗauki VSAT, a tambayi zango: Ka, mai aiki wajen gigahaz 20 da 30, ya fi gudu da ƙaramin faranti amma ya fi Ku jin ruwa sosai. Kuma VSAT ba a kafa ta da kai kamar dish na kallo, domin tana harbawa sama. Sai cibiyar kamfani ta gwada murɗin da saitin ta amince, in ba haka ba siginarka ta shiga ta maƙwabcin tauraro.

An ƙera shi don shekara 15. Abin da ke ƙayyade wannan yawanci mai ne, ba lalacewar na'ura ba. Jan wata da rana na karkatar da tauraron kusan digiri ɗaya a shekara, sai an riƙa kunna ƙananan injina ana maido shi cikin ɗan akwatinsa da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. In mai ya kusa ƙarewa sai a ɗaga shi kusan kilomita 300 sama da layin, a kashe shi, a bar wa sabo gurbin. Mai sa hannu a kwangilar shekaru ya tambayi wane tauraro za a mayar da shi in lokacin ya zo, kuma wa zai biya kuɗin sake saiti.

Mai Sifana ya amsa:

Malam, in za ka sayo na 90 ɗin, ka duba shi tun a shago. Ja zare biyu a gicciye a bakinsa, ɗaya sama zuwa ƙasa, ɗaya hagu zuwa dama. Su taɓa juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. In akwai rata, farantin ya murɗe a mota, ba saitin da zai gyara shi. Kuma kada a ɗora masa hannun tsohon dish. Kowane faranti da tsawon hannunsa. Murfin robar LNB ma ka duba, in rana ta fasa shi ruwa na shiga, sai a sauya LNB ɗin gaba ɗaya tunda ba tsada gare shi ba.